Rahoton ayyukanmu na shekarar 2025: zuwa ga iyayen yara masu farfaɗiya da sauran larurorin ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu mambobin wannan ƙungiya, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar. Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini, a matsayina na sakatariya, in rubuto muku abin da muka yi da amanar da kuka ba mu daga Janairu zuwa Disamban 2025. Lissafin kuɗi yana cikin takardar ma'aji da za a raba ranar babban taro, ni nawa ayyuka ne. Kafin komai, muna miƙa ta'aziyya ga gidajen da suka rasa 'ya'yansu a cikin shekarar nan. Allah Ya jiƙansu, Ya sa masu ceto ne, Ya ba iyaye haƙurin rashi.

Zan fara da asusun magani, domin shi ne ya fi cin kuɗinmu da barcinmu. Tun da farashi ya tashi, gidaje da yawa suka koma raba ƙwaya biyu, ko a ba yaro yau a tsallake gobe don katin ya kai ƙarshen wata. Maganin farfaɗiya kuwa ba ya son haka ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya zauna a jini daidai gwargwado dare da rana, da zarar ya yi ƙasa jijjiga ta samu ƙofa, wani lokaci ma ta dawo da ƙarfin da ya fi na da. Shi ya sa muka sauya tsari a bana. Maimakon a miƙa wa uwa kuɗi ta shiga ƙyamis, mukan haɗa takardun likita na masu buƙata, mu sayo a dunƙule daga dillali mai rajista, mai harhaɗa magunguna da ke taimaka mana kyauta ya duba lamba da ranar lalacewa, sannan a raba. An samu sauƙin farashi, an kuma rage faɗawa hannun masu jabu. Amma gaskiya ɗaya ce: a watannin damina asusun ya yi ƙasa har sai da muka dakatar da karɓar sababbin sunaye, kuma akwai iyayen da muka mayar gida hannu rabbana. Wannan yana damuna har yau, kuma shi ne abu na farko da nake roƙon babban taro ya duba.

Sabon abin da muka shigo da shi shi ne zaman karatu na wata-wata. Likitoci biyu, ɗaya ta yara ɗaya na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da wata malamar jinya, sukan zo su warware mana abin da masu bincike suka gano, da Hausa, a kan tabarma. Da farko wasu sun ce ina ruwanmu da binciken Turawa alhali kuɗin magani muke nema. Ni ma na yi wannan tunanin. Zaman farko ne ya canza mini ra'ayi.

Likitan ƙwaƙwalwa ya ce a cikin kan kowannenmu akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, suna aika wa juna saƙo da 'yar wutar lantarki da sinadarai. Farfaɗiya ita ce lokacin da wani gungu daga cikinsu ya saki wuta a lokaci guda babu tsari, kamar a ce duk unguwa an kunna komai tare har taransifoma ta buga. Sai ya nuna mana hoto a wayarsa, zare-zare masu launi kamar an warware ulu. Ya ce wannan ɗan yanki ne na ƙwaƙwalwar mutum, bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda masana na Jami'ar Harvard da kamfanin Google suka zana taswirarsa suka fitar a 2024. A cikin wannan ɗan mitsitsin sun ƙirga ƙwayoyin halitta kusan 57,000 da mahaɗar jijiyoyi kusan miliyan 150. Abin da ya sa ɗakin ya yi tsit shi ne da ya ce daga kan wata mata mai farfaɗiya aka ciro shi, lokacin da ake yi mata tiyata. Wata dattijuwa da ke riƙon jikanta ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Likita, ashe ciwon nan yana da mazauni a jiki?" Shekara da shekaru ana gaya mata iska ce ta shafi yaron. A wannan shekarar ta 2024 ɗin dai wasu masanan suka kammala taswirar ƙwaƙwalwar ɗan ƙudan da ke bin 'ya'yan itace gaba ɗayanta, ƙwayoyin jijiya kusan 140,000. Mun ji, mun yi tasbihi, mun wuce.

Inda muka daɗe shi ne kan binciken da aka yi a nan gida. Da yawanmu ba mu san cewa ɗaya daga cikin muhimman gwaje-gwajen duniya kan hana shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila a Kano da Kaduna aka yi shi ba, da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Idan ba a ɗauki mataki ba, kusan yaro ɗaya cikin goma masu sikila yakan samu shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Akwai na'urar da ake ɗora wa yaro a gefen kai, babu allura babu zafi, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan gudun ya yi yawa, alama ce hanya ta ƙuntata, haɗari ya matso. A ƙasashen masu hali ƙarin jini ake yi wa irin wannan yaron kusan duk wata, abin da mu nan ba zai yiwu ga yawancinmu ba. Sai aka gwada maganin haidiroksiyuriya a kan yara 220, sakamakon ya fito a 2022, aka ga ko da ƙaramin awo na maganin yana rage haɗarin sosai. Bayan wannan zaman ne muka bi gidajen mambobi masu yara masu sikila ɗaya bayan ɗaya, muka raka su awon. An samu waɗanda aka ɗora a kan magani nan take. A ganina wannan ne aiki mafi albarka da muka yi a bana, domin ciwon da aka tare tun bai zo ba, babu mai ganinsa balle ya yaba, amma uwar yaron ta sani.

Haka nan aka ba mu labarin aikin bincike mai suna BRIDGE, wanda aka gudanar a Kano da Zariya da Kaduna, inda aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitocin unguwa su gane farfaɗiyar yara su kuma kula da ita. Duk wadda ta taɓa yin asubanci da yaro a goye don kama layin likitan ƙwaƙwalwa ta san darajar wannan tunani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa idan an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Amma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba sa samun maganin. A watan Mayun 2022 ƙasashen duniya, har da Najeriya da Nijar, suka amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da cututtukan jijiyoyi, wanda zai kai 2031. Mun sa a fassara mana muhimman wurarensa, kuma da shi muke shiga ofis idan mun je neman haƙƙi.

Wani zaman da ya taɓa zukata shi ne na tambayar da kowace uwa take kwana da ita: me ya jawo wa ɗana? Likitar yara ta bi dalilan a hankali. Doguwar naƙuda da ke hana jariri iska. Shawarar jarirai da aka tsaya ana shanya yaro a rana har ta hau kai. Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, wanda binciken da aka yi da na'urar hoton ƙwaƙwalwa a Blantyre ta ƙasar Malawi ya nuna a 2015 cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne ke kashe yaran da suka rasu da shi. Sanƙarau, wanda mu 'yan Arewa ba mu manta da annobarsa ta 1996 ba. Sai gubar dalma, wadda ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, ta bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa. Ta kuma faɗa ƙarara cewa akwai yara da yawa da ko an yi duk awon duniya ba za a ga dalili ba, kuma ba laifin uwa ba ne. Na ga mata suna share hawaye da bakin mayafi. Daga nan muka ɗauki alkawarin cewa duk mamba za ta zama mai tunatar da maƙwabta awon ciki, haihuwa a asibiti, gidan sauro da rigakafi. Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar, a 2024, kuma bai kamata a ce ta zo ƙofar gida mun rufe ba.

Gargaɗi ɗaya daga zaman nan dole in maimaita shi a rubuce, saboda 'yan matanmu suna girma, wasu an sa musu rana. Maganin balfurowet, wanda muka fi sani da Epilim, yana aiki ƙwarai, amma idan mace ta ɗauki ciki tana shansa, kusan jariri ɗaya cikin goma kan zo da naƙasa, kuma uku zuwa huɗu cikin goma kan samu jinkirin koyo. Kada kowa ta daina sha da kanta, wannan ma haɗari ne babba. A je wa likita tun kafin biki, akwai wasu magungunan da zai iya sauyawa da su.

Ranar Litinin 10 ga Fabrairu, Ranar Farfaɗiya ta Duniya, mun ziyarci makarantun firamare da islamiyyu. Abin da muke yi ba wuya: a shimfiɗa tabarma, ɗaya daga cikin matasanmu ya kwanta, a nuna yadda ake juya mutum gefe, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a duba agogo. Idan ta wuce minti biyar, asibiti. Ba a tura cokali a baki, ba a ɗura ruwa ko manja, ba a turara hayaƙi, ba a danne shi. Kuma miyau ba ya yaɗa farfaɗiya. Wannan ta ƙarshen sai mun faɗa sau uku kafin malamai su saki jiki. A wata makaranta da aka ce wa yarinyar wata mambarmu ta zauna a gida saboda iyayen sauran yara sun yi ƙorafi, sai da muka je sau uku, na ƙarshen tare da mai unguwa, muka kuma tuna musu da dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Yarinyar ta koma aji. Ranar da na bi ta wajen na hango ta a layin taron safe da farin hijabinta, ta ɗago mini hannu.

Ranar 26 ga Maris, wadda ake sa tufafi masu launin shunayya don tunawa da masu farfaɗiya, ta faɗo a goman ƙarshe na azumi, sai muka mayar da ita buɗa-baki. Limamin da muka gayyata, Allah Ya saka masa, ya karanto hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, ya ce addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, kuma marar lafiyar da azumi zai cutar da shi shari'a ta ba shi rangwame. Manyan yaranmu da ke ɓoye magani don su yi azumi kamar kowa sun ji wannan daga bakin da suke girmamawa.

Akwai abubuwan da ba mu iya ba. Reshen da muka yi niyyar buɗewa don mambobin ƙauyuka bai tabbata ba, kuɗin mota ya gagara. Iyaye maza har yanzu ƙalilan ne a zamanmu, alhali su ne masu yanke shawarar a je asibiti ko kada a je. Iyayenmu maza, don Allah muna buƙatarku a kan tabarmar nan, ko da sau ɗaya a wata uku. Sannan yaranmu masu sanƙarewar gaɓoɓi ba su samu gashin ƙashi a kai a kai ba, domin mai yi mana ya samu canjin wurin aiki kuma ba mu samu madadinsa ba. Wanda ya san wani, ya yi wa shugaba magana.

A shekara mai zuwa, in Allah Ya kai mu, kwamiti yana neman amincewarku kan abu uku: a ƙara kuɗin wata kaɗan a ware shi don asusun magani kawai, a ci gaba da zaman karatu tare da naɗar muryarsa a tura wa waɗanda ba sa iya zuwa ta WhatsApp, a kuma kammala kai duk yaro mai sikila awon kai. Likitocinmu sun roƙi abu ɗaya daga gare mu. Sun ce sau da yawa abin da uwa ta gani ya fi musu amfani a kan awon wutar ƙwaƙwalwa, domin yaro kan zo asibiti garau a auna a ga babu komai. Saboda haka idan ciwon ya tashi kuma akwai wani a kusa da ke kula da yaron, ɗaya ya ɗauki bidiyo a waya, a kuma rubuta rana da tsawon lokacin a littafin da muka raba. Wadda ba ta iya rubutu ba ta ja layi ɗaya a kan kalanda. Ku zo da littattafan ranar babban taro, tare da katin asibiti da kwalin maganin da yaro yake sha yanzu, malamar jinya za ta zauna a bakin ƙofa ta duba na kowa kafin a buɗe taro da addu'a.

Wassalamu alaikum.

Sakatariya, a madadin kwamitin gudanarwa