Rahoton Ayyukan Shekara: Buɗe Fayil Daga Nesa a Manhajar Rubutunmu

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi. A babban taron bara kun ɗora wa kwamitin fasaha aiki guda, wato manhajar rubutun ƙungiya ta riƙa buɗe fayil ɗin da ke kan saba mai nisa (kwamfutar da ake ajiye fayil a kanta, ake isa gare ta ta intanet), a gyara shi a adana, ko a Windows ake, ko Linux, ko macOS. Alhamdulillahi an yi, duk da akwai sauran gyara.

Manhajojin rubutu na Vim da Emacs sun daɗe da irin wannan aiki, Vim ta hanyar netrw, Emacs kuma ta hanyar TRAMP, shi ya sa muka fara da nazarin yadda suka yi. Mun ajiye FTP, tsohuwar hanyar aika fayil tsakanin kwamfutoci, gefe tun farko. Ƙa'idarsa da ake bi ta 1985 ce, kuma kalmar sirri a fili take tafiya. Sai muka ɗauki SFTP, wadda ke bi ta cikin SSH (hanyar sadarwa mai ɓoye bayanai) a ƙofa ta 22, muka jingina da libssh2, shiryayyen kayan aikin SSH, maimakon mu rubuta namu daga tushe.

Abin da ya ci mana watanni shi ne soket, wato mahaɗar da manhaja ke bi ta yi magana da saba. A Windows sai an kira WSAStartup kafin komai, ana rufewa da closesocket, ana tambayar kuskure ta WSAGetLastError, alhali Linux da macOS close da errno suka sani. Su biyun ma ba bakinsu ɗaya ba. Idan layi ya katse ana cikin aikawa, siginar SIGPIPE na iya kashe manhajar nan take da rubutun mutum a ciki; Linux na hana hakan da MSG_NOSIGNAL, macOS da SO_NOSIGPIPE. Da farko mun warwatsa waɗannan bambance-bambance ko'ina, aikin ya rikice. Da muka tattara su a fayil ɗaya sai numfashi ya dawo, kuma a ganina wannan ce shawara mafi kyau da kwamitin ya yanke bana. Mun kuma sauya hanyar nemo adireshin saba daga gethostbyname zuwa getaddrinfo, don haka adireshin IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, na aiki yanzu.

Adanawa ta fi damuna, domin duk wanda ya san yadda sabis ke ɗaukewa a wajenmu ya san haɗarin. Yanzu manhajar na rubuta sabon fayil na wucin gadi a kan saba, sai ya kammala ta maye gurbin tsohon da shi. A siga ta 3 ta SFTP sauya suna ba ya yiwuwa idan akwai wani fayil mai wannan sunan, sai muka yi amfani da ƙarin da OpenSSH ta tanada mai suna posix-rename. Mun kuma gwada sunayen fayil masu ɓ, ɗ da ƙ: Windows na riƙe suna da tsarin haruffa na UTF-16, don haka sai an juya shi zuwa UTF-8 kafin ya tafi saba.

Horon sababbin membobi ya gudana, amma bai samu kulawar da ta kamata ba, kuma mun karɓi wannan laifin.

Saura matsala biyu. Manhajar na daskarewa na ɗan lokaci idan saba ta yi jinkirin amsawa, sannan gwajin macOS bai yi yawa ba saboda kwamfutar aro muke amfani da ita. Don Allah duk mai Mac a cikinku ya sanar da sakatariya kafin taro na gaba, a ba shi kwafin gwaji.

Sakataren Ƙungiya, a madadin Kwamitin Fasaha