A Daina Korar Mutane Daga Coci Da Sunan Horo

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikata, ina roƙon ka ɗan bani fili in yi magana da 'yan'uwana Kiristoci na jihar Kebbi, musamman fastoci da dattawan ikkilisiya, akan wani abu da kowa ya sani amma ba'a son faɗinsa a fili, wato yawan mutanen da suka daina zuwa sujada saboda abinda mu masu bi muka yi musu da bakinmu. Suna nan a Zuru da Yauri da Birnin Kebbi, ran Lahadi suna ɗaki a rufe, in ka tambaya suce jiki ne ba daɗi, alhali zuciya ce ke ciwo.

Nima na zauna cikinsu. Ni gwauruwa ce 'yar ƙasar Zuru, a coci na tashi, a ƙungiyar mawaƙan coci na yi 'yan matancina, daga baya na shiga zumuntar mata. 'Yata ta fari ta samu ciki ba aure, kuma ban taɓa cewa ba laifi bane, laifi ne, ita kanta ta sani ta yi kuka har ta gaji. Amma yadda aka yi da ita shine ya karya ni. Ba wanda ya tako gidanmu ya zauna da ita, kawai ran Lahadi bayan an karɓi baiko aka kira sunanta aka ce ta miƙe tsaye gaban jama'a, harda yaran makarantar Lahadi suna kallo, aka karanta laifinta aka ce an sa ta a horo ta koma bencin baya, shi kuwa yaron da ya yi cikin da yake babansa na cikin masu bada kuɗi da kauri lokacin bikin godiya sai aka ce ai ya tafi karatu wani gari, shikenan maganarsa ta mutu. Matan da muke waƙa tare suka daina gaisheni a kasuwa. Daga nan ƙafata ta ɗauke, nawa da na yarana.

Baba Fasto, ku gafarceni, ni ba malama bace amma ina karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda tun 1932 aka fassara shi dukka domin irinmu mu karanta da kanmu. A Matta sura 18 daga aya 15 Yesu ya tsara yadda za'a yi da ɗan'uwan da ya yi laifi, ka fara zuwa wurinsa kai da shi kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai in duk ya ƙi sannan a kai gaban ikkilisiya. Mu kuma daga na ƙarshen muke farawa, kuma akan wanda ya riga ya tuba. Galatiyawa 6:1 tace a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Yakubu sura 2 kuwa kamar yana zaune cikinmu ya rubuta, mai zoben zinariya da kaya masu kyau a bashi wurin zama mai daraja, matalauci ace ya tsaya can. Ina wannan ya bambanta da abinda muke yi da masu manyan motoci yau?

Kuma mu tuna ta ina bishara ta shigo mana. Tun daga zuwan ƙungiyar 'yan mishan ta SIM Najeriya a 1893, wadda daga cikinta cocin ECWA ta fito a 1954, da 'yan mishan ɗin da suka kafa cocin UMCA a ƙasar Zuru, da 'yan Katolika, abinda ya jawo kakanninmu shine an karɓi waɗanda kowa ke gudu. Kutare aka yi jinya a Amanawa kusa da Sakkwato, marasa lafiya aka duba a asibitin Tungan Magajiya, 'ya'yan talakawa aka koya wa karatu. To yaushe muka zama masu tsaron ƙofa?

Yadda na koma kuwa, bayan mun dawo Birnin Kebbi da zama wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Mama muke ce mata, ita ta riƙa shigowa da yamma tana ɗaukar jikana tana masa wasa, bata taɓa tambayar ina ubansa ba, bata kuma matsa mani da maganar coci ba sai da ni da kaina na ce zan bita. Ashe da gaske zumunta a ƙafa take. Ƙaramar majami'a ce a bayan gari, rufin kwano, benci ma bai isa ba wasu akan tabarma, amma a ciki akwai Dakarkari da Dukawa da Kambari da Fakkawa da Hausawa masu bi da Inyamurai 'yan kasuwa, da mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba waɗanda basu da ko sisi na baiko kuma ba mai kallonsu da wannan. Ana wa'azi da Hausa wani yana juyawa da Turanci, wani lokaci a bar tsofaffi su yi waƙa da yarensu. Sun zuba siminti a bakin ƙofa saboda wani bawan Allah mai keken guragu ya riƙa shiga da kansa, kuma shine ma yake riƙe da littafin kuɗi.

Abinda ya fi taɓa ni, da na faɗa wa faston labarinmu tun kafin ya ji a bakin wani, bai ce ba komai ba, bai kuma ce mu kawo takardar shaida daga inda muka fito kafin mu zauna ba. Ya zo gida shi da matarsa suka zauna da 'yata suka yi ta magana da addu'a na wani lokaci, ta yi tubanta tsakaninta da Allah da dattawa biyu, ranar da ta koma cin jibin Ubangiji matan zumunta suka rungumeta. Yanzu tana koyar da yara ran Lahadi. Su ma suna da nasu matsalolin, ana saɓani akan kuɗin gini kamar ko'ina, amma ba'a tozarta mutum.

Ga wanda yake zaune a gida yanzu da irin wannan ciwon, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, kar kowa ya sa ka gaggawa, kuma canza majami'a ba ridda bane. In ka je sabon wuri ka zauna ka lura tukuna, ka ga yadda suke yi da gwauraye da marayu da wadda Allah bai ba haihuwa ba, ka ga ko ana karanta rahoton kuɗi a fili, ko ana iya yi wa fasto tambaya ba'a ce ka yi tawaye ba, ko ana faɗin sirrin mutane a kan bagadi da sunan misali cikin wa'azi. In ka ji ana ce maka sai ka shuka iri na kuɗi kaza kafin addu'arka ta karɓu, ko ana ce maka duk wanda ya bar wurin zai la'antu, tashi ka tafi.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, wato CAN, na jihar Kebbi da makarantun da ke horar da fastoci da masu bishara su sa wannan magana ta horo a taronsu, a zauna a duba yadda ake yinsa, a daina tsayar da yarinya ita kaɗai gaban jama'a ana ɓoye namijin. Dattawa kuma kowannenku ya buɗe littafin sunayen membobi ya duba waɗanda suka ɓace, ya je gidajensu ya ji dalili daga bakinsu.

Nagode Edita, Allah ya ƙara basira.

Wata mai karanta jaridarku,
daga Birnin Kebbi.