Bam ɗin da ke ƙarƙashin tebur

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na san shirun ya yi yawa, amma kai ma ba ka neme ni ba, don haka kada ka ma fara ƙorafi.

Albishirinka! Labarin fim ɗin nan da nake rubutawa, wanda ya hana ni barci, ya warware. Ka tuna ka ce ka kai shafi na 30 gabanka bai faɗi ko sau ɗaya ba? Na ji zafin maganar a lokacin, ashe gaskiya ka faɗa. Komai na ɓoye wa mai kallo, ina jiran in ba shi mamaki a ƙarshe. Sai na ci karo da misalin da daraktan fim Alfred Hitchcock ya ba takwaransa François Truffaut a hirarsu ta 1962. Mutum biyu na zaune suna taɗi, kwatsam bam ya tashi a ƙarƙashin tebur: mai kallo ya razana na daƙiƙa 15, shi ke nan. Amma nuna masa bam ɗin tun farko, ga agogo a bango, sai ya yi minti 15 zuciyarsa na dukan uku-uku, kamar ya daka musu tsawa su tashi.

Wallahi a daren na sake zama. Yanzu tun shafi na 5 mai kallo ya san direban ne ya kashe mijin, matar ce kaɗai ba ta sani ba. Duk sanda ya buɗe mata ƙofar mota yana murmushi, ni da na rubuta ma sai tsigar jikina ta tashi. Kai kuwa na san yadda za ka kalle shi: tafin hannu a fuska, kana leƙe ta tsakanin yatsu, kana cewa wai ido ne ke maka ƙaiƙayi.

Sai dai ba komai ake nunawa ba. A Jaws na 1975, fim ɗin ƙaton kifi mai cin mutane, na'urar kifin ta yi ta lalacewa, dole darakta Spielberg ya riƙa ɓoye shi, kiɗa kawai ke gaya maka yana tafe. Ka san yana nan, ba ka ganin sa. Wannan ma na ɗauka: ba a nuna kisan, takalmin direban kawai da ƙarar famfo.

 

Abin da ya rage mini shi ne wayar salula. Matar nan kira ɗaya za ta yi a cece ta, kuma na tsani dabarar nan ta caji ya ƙare daidai lokacin da ake bukata. Ina tunanin ta kira ɗin, amma wanda zai ɗauka ya zama na direban ne. Ya ka gani? Kada ka ce mini "ya yi" don kawai in ji daɗi.

Ka gaishe mini da mutanen gidan, musamman ƙaramar.

Naka har kullum.