Albarkacin Ƙanwata Soja

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ba ni fili in tsegunta wa 'yan'uwa mazauna Amurka wani abu. Ƙanwata sojar ruwa ce. Albarkacinta na shiga Navy Federal, ƙungiyar ajiya da lamuni ta sojoji da aka kafa a 1933. Ni direban tasi da ko bindiga ban taɓa riƙewa ba! Dala 5 na ajiye, shi ke nan na zama mamba.

Iyaye, kakanni, miji ko mata, 'ya'ya, jikoki da 'yan ciki ɗaya duk suna iya shiga. Sai dai zumuncinsu ba irin namu ba ne: ɗan baffa ba ya cikin lissafi, sai in gida ɗaya ake zaune. Nawa ɗan baffan har yau yana mita.

Naka,
Mai karatu daga Bronx, New York