Godiya ga masu shagon wayarin na bakin titinmu a Gyaɗi-Gyaɗi

Assalamu alaikum Injiniya, kai da yaran shagonka.

Na ga ya dace in gode muku a bainar jama'a, domin godiyar da na yi muku a ƙofar gida ranar da kuka tattara kayanku ta fatar baki ce. Lokacin ina cike da haushin kuɗin da kuka sa maigida ya kashe.

Sana'ata kek da cincin na biki. Da kuɗin gas ya yi ta hawa, ga shi kuma wuta tana ɗan zama a layinmu, sai maigida ya sayo mini murhun lantarki mai kai huɗu da obin a ƙasansa daga Sabon Gari. A zatona aikin minti goma ne, a jona shi a soket ɗin da ke kusa da firji a wuce wurin. Har wani mai gyara ya ce zai yi mini haka, kuɗin shayi kawai zan ba shi.

Kai kuwa da ka zo, ko jakar kayan aiki ba ka buɗe ba. Ka ja murhun, ka tsuguna ka karanta ɗan ƙarfen da ke manne a bayansa, ka ce, "Hajiya, wannan in an kunna komai wat 7,000 yake ja." A bayan kwalinsa ka yi mini lissafin: wutar gidajenmu bolt 230 ce, in an raba sai a samu amfiya 30 da 'yan kai, alhali soket mai ƙafa uku iyakarsa amfiya 13, wato wajen wat 3,000. Ka ce fiyus ne zai yi ta ƙonewa, ranar da wani ya gaji ya ɗaure shi da guntuwar waya kuwa, soket ɗin ne zai narke a bayan kabad inda ba mai gani. Har yanzu kwalin yana nan, ban yar ba.

Layi na musamman kuka ja masa tun daga akwatin rarraba wuta na falo har kicin, ba a haɗa shi da komai ba, da waya mai kauri wadda ake kira milimita 6, da bireka mai amfiya 32, da na'urar da ke katse wuta nan take in ta fara zurarewa ta jikin ƙarfe ko ta jikin mutum. Jan makunnin kunna murhun da kashe shi mai amfiya 45 kuma na so a sa shi daidai saman murhu don kyau, ka ƙi. Ka ce in mai ya kama da wuta, ta ina zan miƙa hannu in kashe? A gefe ka sa shi, inda hannuna ke kaiwa ba tare da na tsallake tukunya ba.

Amma maganar waya ce ta fi tsaya mini a rai. Maigida ya riga ya sayo nadi guda mai araha, yana murna ya yi ciniki. Ƙaramin yaronka, wanda ban ɗauka ya san komai ba, ya fere bakinta ya kankare da wuƙa, sai ga fari ya fito a ƙarƙashin jan. Ashe alminiyon ce aka shafa wa jan ƙarfe. Ka ce irinta ba ta ɗaukar nauyin da aka rubuta a jikinta, tana zafi, bakinta kuma yana sassautawa a inda aka ɗaure. Maigida ya ce a yi maneji da ita haka nan. Ka amsa masa cikin ladabi, "Alhaji, ka yi haƙuri, in da wannan ce sai dai wani ya yi, ba ni ba." Na san mutane da yawa da za su yi shiru su karɓi kuɗinsu. Washegari tare kuka je ya sayo ta gaske.

Sai kuma abin da ban kira ku dominsa ba. Na ambata a cikin hira cewa ƙofar firji takan ɗan ja ni in na taɓa ta ba takalmi bayan an yi goge-goge. Ka auna, ka tarar wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ke kwashe wutar da ta zurare ta kai ta cikin ƙasa, ba ta haɗe da komai a duk gidan. Shekara nawa muna ciki da yara! Kuka kafa sandar ƙarfe a bayan kicin, kuka haɗa, kuka sake aunawa kafin ka yarda a kunna murhun. Ka kuma raba shi da layin janareta, ka ce ƙaramin injinmu ba zai iya da shi ba, kada yara su kunna bisa kuskure.

Bayan sati biyu sai ga yaron nan ya dawo, wai ka turo shi ya duba ko akwai sukurun da ya saki bayan zafi ya ratsa shi. Ya kashe bireka, ya ƙara ɗaure biyu, ya ƙi karɓar ko kuɗin mota. Kek ɗin da na ba shi dai ya karɓa, ina fatan ya kai shago bai ƙare a hanya ba.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara kasuwa, Ya tsare ku a bakin aiki.

Taku,
Mai kek ta layin bayan masallaci, Gyaɗi-Gyaɗi, Kano