Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Magajin Garin Marwa, Kamaru

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Maganar hanya ce ta kawo ni. Kwalta kowa na roƙonta, ni kuwa filin da za a shimfiɗa ta a kai nake roƙo, domin a sabbin unguwanninmu shi ne ke salwanta.

Tun da aka kafa jami'a a 2008 gine-gine suka miƙa wajen Kongola. Daga 2014 kuma rikicin Boko Haram ya koro jama'a daga yankin Mora da Kolofata, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Gonar da aka noma dawa bara, bana an yanka ta fuloti-fuloti. Mai gona ba ya son asarar ko taku ɗaya, sai ya bar ɗan lungun da babur biyu ba sa wuce juna. Maƙwabcinsa ma ya yanka tasa yadda ya ga dama, lungunsa bai san da na farko ba. Ka bi ka bi, sai ka ci karo da katanga. Akwai gidan da ke jin kiran sallar masallacin da ke bayansa raɗau, amma sai maigidan ya zagaya ta bakin titi kafin ya samu jam'i.

A tsakiyar gari tituna na ratsa juna ƙarƙashin inuwar darbejiya, in nan ya toshe ka ɓulla can. A gefen gari kuwa duk lunguna titi ɗaya suke zuba mutane. Ɗan kilando, wato mai babur ɗin haya, ya ƙara kuɗi, kuma da gaskiyarsa, mai ya ƙona. Motar kashe gobara ta tsaya nesa tana kallon hayaƙi. Bututun famfo da turakun lantarki hanya suke bi, inda babu ita ba sa zuwa. Da damina ruwa ya rasa mafita zuwa mayo, wato kogi, sai ya kwana a tsakar gidajen mutane. Mun ɗanɗana dogaro da mashiga ɗaya lokacin da gadar Palar ta karye a daminar 2020.

Ranka ya daɗe, dokar tsara birane ta 2004 tana nan. A zauna da lawanai da jaurawa, wato dagatai da masu unguwanni, tunda da saninsu ake cinikin fili, a yi yarjejeniya: ba a yanka gona sai masu awon ƙasa sun kafa turakun hanya, kuma kowane sabon lungu ya ɓulle ta baki biyu. Turke ya fi rusau da biyan diyya sauƙi nesa ba kusa ba. Tunda kuma turke ana iya tumɓuke shi da dare, a dasa darbejiya jere a gefen layin, a damƙa wa matasan unguwa ban ruwanta. A fara da gefen Kongola kafin kaka ta wuce, masu gonaki su sake kiran dillalai.

Allah ya ja zamaninka.

Naka,
wani mazaunin Marwa