A shirya aji kafin a karɓi yaro mai galahanga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa makarantun gwamnati su karɓi kowane yaro, tare da ajiye aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin su. Amma rubuta sunan yaro mai lalurar galahanga (wato autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane) a rajista bai isa ba. In ba a shirya aji ba, cikin 'yan makonni za a ce ya fitini kowa, a mayar wa uwarsa shi.

Shirin kuwa ba mai tsada ba ne. A zaunar da shi a gaba kusa da malami, nesa da taga da ƙofa, kuma kada a riƙa sauya masa benci. A liƙa masa jadawalin yini cikin hotuna: karatu, lissafi, tara, banɗaki, tashi. Sauyi na ba-zata ne ke tayar masa da hankali, don haka a gaya masa saura minti 5 kafin a canza darasi. Umarni ya zama ɗaya, gajere, sannan malami ya yi shiru kamar daƙiƙa 10. Yawancin malamai a nan suke kuskure: sai su maimaita da wasu kalmomi, yaron ya koma fassara maganar tun daga farko.

Ƙarar ƙarfen da ake bugawa da karatun haɗa baki suna yi wa wasunsu zafi a kunne. Yaron da ya toshe kunne yana ihu ba taurin kai yake yi ba, kuma bulala ƙara rikita shi take yi. A ware kusurwa da tabarma inda zai huce. Kaɗa hannu ko jijjiga jiki, muddin ba ya cutar da kowa, a ƙyale shi.

Lokacin tara ya fi kowane lokaci haɗari, domin a nan ake tsokana. A haɗa shi da yara biyu masu haƙuri, ana sauya su. Wanda ya sha wuya da cikakken yini ya fara da awa 2, a riƙa ƙarawa.

Ajin da ya haura yara 80 ba zai ɗauki wannan ba sai da mataimakin malami. Ina roƙon hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi (SUBEB) su tura malami ɗaya daga kowace firamare horo a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero ko ta Jos.

Naku,
Wani malamin ilimi na musamman, Kano